Rashin Jagora, Mai Kai Mutum Ƙofar Gwaggo

Da zuciya mai cike da alhini, da tankin motar da yawon neman hanya ya ƙarar, iyalan mai gyaran keken ɗinki, wanda teloli suka fi sani da Sarkin Ɓata, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jagora, manhajar nuna hanya da ta zauna shekara da shekaru a cikin kwamfutarsa ta cinya. Ta cika ne da yammacin wata Laraba, a bakin shataletalen gaban asibiti, tana tsakiyar magana. Ta ce, "A shataletale, ka ɗauki..." Ba ta ƙarasa ba. Mai gyara ya yi ta kewaya shataletalen yana jiran sauran zancen, har ɗan sandan da ke ba da hannu ya fara gaishe shi duk zagaye.

Waɗanda suka san shi kafin zuwan marigayiya ba sai an yi musu bayanin girman wannan rashi ba. Mutum ne da zai kwance keken ɗinki, ya baje kayan cikinsa a kan tebur, ya mayar da kowane noti mazauninsa ido rufe. Amma da zarar ya fito daga shagon ya tsaya bakin titi, bai san ta inda ya zo ba. Tambayar hanya kuwa a wurinsa daidai take da roƙo. An sha jiran sa da safe a wani shago na gabashin gari, sai a gan shi da yamma a can yammaci, ya duƙufa yana gyara keken wanda bai kira shi ba.

'Yarsa ta fari, mai aiki a kantin magani, ita ta kawo Jagora a faifai, tare da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da ake mannawa a gilashin gaba don ta riƙa jin taurarin ɗan'adam. Aka ba Jagora kujerar gaba, aka shimfiɗa mata tsohon tawul saboda gargada, aka ɗaure ta da bel kamar kowane fasinja mai daraja. Jakar kayan aiki ta koma baya, kuma ba a ji ta yi ƙorafi ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. In ta ce dama, mai gyara ya yi hagu, ba ta cewa ai na faɗa maka. Sai dai ta ce, "Ana sake duba hanya," ta ɗauke shi daga inda ya jefa kansa kamar dama can shirinsu ke nan. Mai ɗakinsa ta shaida cewa ita kanta ta koyi abubuwa da yawa a wurinta, sai dai ba ta yi alkawarin aiki da su ba. Haka kuma marigayiya ta iya riƙe sirri. Ta san wuraren da suka je da niyya, ta san waɗanda suka je bisa kuskure, kuma ta tafi da wannan sani ba ta faɗa wa kowa ba.

Gaskiya ta wajabta a ambaci rauninta. Taswirar da ta zo da ita, ita ta riƙe har ƙarshe. Gari ya yi ta sauyawa, ita tana nan kan bakanta. Da aka gina sabuwar gada, labari bai kai gare ta ba, don haka duk lokacin da suka hau gadar, sai allo ya nuna motar tana tafiya a kan ruwa, ita kuma tana cewa a hankali, "Ka koma kan hanya. Ka koma kan hanya." Shi kuma ya shafa gefen kwamfutar ya ce, "Yi haƙuri, mun kusa hayewa."

Sai kuma babban kuskurenta, wanda a kansa ne iyali suka fi jin wannan rashi. Ranar da aka saka ta a kwamfuta, ba a gidan mai gyara aka yi aikin ba. An yi shi ne a ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi, wadda ke zaune ita kaɗai a tsohon gidansu na bayan tashar jirgin ƙasa. Jagora ta tambaya ko inda take yanzu nan ne gida. 'Yar mai gyara tana sauri, Gwaggo tana yi mata faɗa wai ta rame, sai ta danna "E" ta rufe kwamfutar. Tun daga ranar, duk yammacin da mai gyara ya tashi daga aiki ya danna "Gida", sai Jagora ta bi da shi lungu-lungu ta tsayar da shi a ƙarƙashin tagar Gwaggo, ta ce, "Ka iso gida."

Bai san yadda ake gyarawa ba, kuma ba zai tambaya ba. Ga shi Gwaggo ta riga ta ji ƙarar motarsa, juyawa ba gaisuwa ba zai yiwu ba. Sai ya shiga ya durƙusa, ya sha ruwa, ya ɗaura mata zare a allura, ya karanta mata rubutun jikin kwalbar maganinta, ya saurari labarin gwiwarta daga farko. Daga nan zuwa gidansa kuwa ita ce hanya ɗaya tak a duniya da ya sani da kansa. Dangi suka ɗauke shi abin misali. Ana cewa da samari, ku dubi kawunku, rana ba ta faɗuwa bai gaida Gwaggo ba. Shi dai sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce kunya ce.

Ciwon ajali ya same ta ne a shagon wani tela mai son alheri, wanda ya haɗa kwamfutar da intanet don ya nuna wa mai gyara hoton wani sabon keke. Kwamfutar, wadda rabonta da intanet an manta, ta samu dama ta sabunta kanta tun daga sama har ƙasa. Daga ranar Jagora ta fara nauyin baki. Sai an wuce kwana sannan ta ce a juya. Wata rana ta kira titi ɗaya da sunaye daban-daban. Bayan abin da ya faru a shataletale, aka garzaya da ita wurin mai gyaran kwamfuta. Ya duba, ya danna nan ya danna can, ya cire tabarau ya ce kamfanin da ya haife ta ma ya daɗe da rufewa. Ya dafa kafaɗar mai gyara ya ce, "Abokin sana'a, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar kwamfutar da ta zauna a ciki, wadda lafiyarta ƙalau kuma ba ta nuna wata nadama ba. Ta bar 'yar na'urar gilashi, wadda har yanzu fitilarta ke ƙyaftawa tana jiran wanda za ta ba labari. Ta bar caja mai naɗin salatif, da tawul, da mai gyara.

'Ya'ya sun ce ya yi amfani da waya kamar kowa. Ya ce idonsa ba ya ganin titi a abin da bai kai tafin hannu ba, kuma yatsunsa kullum da man keke. Aka shiga neman magajiya mai zama a kwamfuta. Ta farko ba ta numfashi sai da intanet, da an shiga layin teloli sai ta ɗauke wuta. Wata kuma bakinta ba ya hutawa, ta yi masa faɗan gudu alhali masu keke na wuce shi, ta kuma yi ta nuna masa wuraren cin abinci kamar ya ce mata yunwa yake ji. Akwai wadda ta fi su natsuwa, tana ajiye taswirarta a cikin kwamfuta, ta san gada, muryarta ba laifi. Amma dukkansu aibinsu ɗaya. Da ya danna "Gida", sai su kai shi gidansa, ta hanya mafi kusa.

Ya riƙa isowa da wuri, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, ya ce gobe zai leƙa Gwaggo. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Sai da maƙwabciyar Gwaggo ta buga waya ta ce tsohuwa ta fara fito da kujera bakin ƙofa da yamma, tana zama har sauro ya kore ta, sannan ya tashi ya tafi.

Ya same ta da allura a hannu, ba zare. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bari ya zauna, ta ce, "Ɗan nan, ina yarinyar da ke rako ka? Kwana biyu ban ji muryarta ta taga ba."

"Ta rasu, Gwaggo."

Gwaggo ta jinjina kai. "Ayya. Shi ya sa."

Ya ɗaura mata zaren. Sai da ya yi ta gwadawa kafin zaren ya shiga, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.

"Yarinya mai tarbiyya," in ji Gwaggo. "Kullum sai ta ce ka iso gida, ni kuma in ce mata sannu da hanya. Duk zuri'ar nan ita kaɗai ba ta taɓa yi mini fashin zuwa ba."

Da labarin ya kai kunnen 'yarsa, ta zo a guje da kwamfuta a hammata. Ta ce, "Baba, ashe shekarun nan duk gidan Gwaggo take kai ka, ba ka faɗa mini ba? Ai danna abu ɗaya ne ya gyaru."

"Wa ya ce miki ya lalace?"

"To bari in saka maka biyu a sabuwar. Ga Gida, ga Gidan Gwaggo. Wanda ka ga dama ka danna."

Mai gyara ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Na san mutumin da zai danna. In ya gaji, na san wanda zai zaɓa. Guda ɗaya za ki saka."

Saboda haka iyali na sanar da shirye-shirye kamar haka. Za a yi wa marigayiya rakiya ranar Asabar da hantsi, a ɗakin Gwaggo. Mai gyara da kansa zai ja hotonta daga fuskar allo ya kai ta kwandon shara na kwamfuta, kuma ya roƙi arziki kada kowa ya zubar da kwandon. Masu ta'aziyya su biyo ta bayan tashar jirgin ƙasa. Wanda ya ɓata ya tambayi mutanen hanya, kada ya kira mai gyara, kuma kada kowa ya bi bayan motarsa.

Nan take bayan rakiya za a naɗa magajiya, wato mai natsuwar nan, a kan tebur ɗin da aka saka marigayiya. Idan ta tambaya ko nan ne gida, Gwaggo ce za ta danna, an riga an nuna mata wurin. Ana roƙon duk masanin kwamfuta da zai halarta ya zauna daga baya, ya sa hannuwansa a aljihu, ya yi shiru har a gama.