Ranar da Na Share wa Turawa Daji

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wa dajin Turawa shara ba, ko da yake na so in manta.

Lokacin kuɗin fetur ne, gwamnati na tura duk wanda ya gama digiri kwas a waje. Ni aka turo ni London in koyo aikin gandun daji, don jiharmu na shirin buɗe nata. Aka haɗa ni da wata dattijuwa masaniyar tsirrai da ƙwari, Madam muke ce mata, a wani tsohon kurmi da ke bakin gari.

Ban taɓa zaton akwai wuri irin wannan a London ba. Ka sauko daga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ka ɗan taka kaɗan, sai ga itatuwa masu kaurin kuka, shiru kamar masallaci. Madam ta ce da can magina sun so sare shi, wasu mutane masu son tsuntsaye da ciyayi suka tsaya kai da fata. Tun daga nan ake gadon aikin: wani ya koya wa wani, su zaga da 'yan makaranta suna nuna musu abin da ido ke tsallakewa. Matar nan kukan tsuntsu kawai za ta ji ta faɗi sunansa. Ni dai ina biye da ita baki buɗe.

Ban yi nisa da farawa ba aka ce Kwamishinanmu zai zo ya ga abin da nake koyo, kuma shi zai yanke ko in ci gaba ko in koma gida. Hankalina ya tashi (dama ba ya rabo da tashi). Abin da ya fi damuna wani ƙaton kututture ne ruɓaɓɓe a gefen hanya, ga ganye jibge ko'ina. Na so in tambayi Madam, na ji nauyi, kada ta ga kamar ina ce mata ƙazama. Sai na tambayi Yaya Sule, ɗan garinmu da nake zaune a gidansa a unguwar Barking.

Ya ce, “Kai ma dai! Babban baƙo zai zo ka bar masa juji? Matar nan ta tsufa ne. Ka fitar da mu kunya.”

Da sassafe na ɗauki gatari da tsintsiya. Na faskara kututturen, na jera itacen gefe guda tsaf kamar na sayarwa, na share wurin tas. Har ruwa na yayyafa (a London fa, inda sama ke wannan aikin kullum).

Da hantsi ga Madam da Kwamishina, babbar rigarsa na jan ƙasa. Tana cewa yanzu zai ga abin da suka fi alfahari da shi: itacen da malaminta ya hana a taɓa tun tana budurwa. Suka sha kwana. Ta tsaya cak.

“Wa ya yi wannan?”

Na ɗaga hannu, ina jin ma har da ɗan murmushi.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Durƙusawa ta yi a cikin laka tana juya itacen ɗaya bayan ɗaya, har ta ɗago wata farar tsutsa mai kama da gwazarma, ta riƙe ta a tafin hannu kamar jaririya. Ta ce wannan shekaru take yi cikin ruɓaɓɓen itace tana ci, kafin ta fito ƙaton buzuzu mai ƙaho irin na barewa, ya yi 'yan makonni a duniya ya mutu. Idan aka kwashe mataccen itace, an kwashe su ke nan. Na dubi tsutsar tana motsi. Abin da na ɗauka juji ashe gari ne guda, ni kuma na shiga da gatari.

Kwamishina ya juyo da Hausa: “Malam, kai aka turo ka koyo kiwon daji?”

“Ranka ya daɗe, wato... ganin za ka zo ne.”

“To, kada ka sa ni a ciki.”

Ya naɗe hannun riga. Mu uku muka yi ta mayar da itacen, muna lulluɓe shi da ganyen da na share. Ina yi ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifina idan ya gan ni da akwati.

A bakin mota Kwamishina ya kakkaɓe laka, ya ce, “Za ka zauna. Har ƙarin lokaci zan sa a yi maka, don a fili yake ba ka koyi komai ba tukuna.”

Na yi godiya, ban san ko ta dace ba. Abin da na fara koya ke nan a aikin da na tsufa a cikinsa: wani lokaci gwaninta ita ce ka zo da tsintsiya, ka duba da kyau, ka mayar da ita inda ka ɗauko.