Jarumin da Ya Ƙi Isa Tasha

Alhaji Ilu na yin ritaya daga aikin duba dabbobi a Funtuwa sai ya ce shi fa yanzu marubuci ne. Ya kuwa zauna ya narko littafin labari mai kauri kamar bulo. Bai shawarci kowa ba ya buga katin ƙaddamarwa, ya maƙala sunan taubashinsa Malam Ɗayyabu a matsayin mai sharhin littafi. Wato ranar Asabar Ɗayyabu ne zai miƙe gaban jama'a ya faɗi abin da ke ciki.

Bawan Allah ya ja tabarma ya fara. A shafin farko jarumin ya fito daga gida zai tafi tasha. To, har Ɗayyabu ya ci rabin littafin mutumin nan bai bar unguwarsu ba! Duk maƙwabcin da ya gani sai ya tsaya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya tunkiyar nan mai tari, an ba ta magani kuwa? Ɗayyabu ya karanta a zaune, ya karanta a kwance, ya karanta a tsaye don kada barci ya sace shi, duk a banza. Haushi kamar ya kashe shi. In ya ce zai ƙarasa, rai na fita. In ya ajiye, ya sha kunya ranar taro.

Ana cikin haka sai ga marubucin da kansa, yana taku ɗai-ɗai, hula a karkace.

"Kai Ɗayyabu, ina ka kai?"

"Ina ƙofar gidan mai wanki. Ana gaisawa."

"Madalla! Ai wurin nan ni kaina da nake rubuta shi sai da na yi ƙwalla."

"Ni ma na yi, Alhaji. Don Allah ka fitar da ni daga duhu, mutumin nan zai hau motar kuwa?"

Alhaji Ilu ya ɓata rai. "Matsalarku ke nan 'yan zamani, gaggawa. Ka daure ka ƙarasa mana. Wallahi duk daɗin yana can ƙarshe, sai mai haƙuri ke samunsa."

Ɗayyabu ya rufe littafin a hankali, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ban musa ba, Alhaji. Aljanna ma haka take, sai an mutu ake shiga. Ni kuwa ƙananan yara gare ni."