Ni da Faifan Jaz a Tudun Wada

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarun nan da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowane ma'aikaci yana sayen abin da bai san kansa ba. Wasu suka sayi babur, wasu firji. Ni garmaho na saya, ƙato, mai ƙafa huɗu.

Lokacin ina sabon akawu a Kongo ta Zariya, ina haya a ɗaki guda a Tudun Wada. Ban san kowa ba a Zariya. In na taso daga aiki, daga ni sai bango, sai gaisuwar masallaci.

Wata rana mai shagon faifai, wani ɗan Ibo da ake kira Oga Chidi, ya miƙo mini wani faifai. "Malam, sabon fitowa ne. Jaz, irin wanda makaɗa ba sa shirya komai, abin da ya zo musu kawai suke busawa. Manyan 'yan boko ke saurarensa."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta kama ni.

Na ɗora shi a gida. Sai wata murya ta fito, mai kauri, a hankali, kamar nishin bijimi mai ciwo. Ganga tana faɗowa ɗaya-ɗaya. Wallahi sai na ji kamar wani ya san halin da nake ciki. Wata guda cur, kullum bayan la'asar, ina zaune gabansa. (Sau biyu na yi hawaye. Na faɗa ne don ku san girman abin da ke tafe.)

A ofis akwai Malam Yusufu, wanda ya yi karatu a Ingila, mutumin da nake mutuwar son ya ɗauke ni aboki. Na yi ta maza na gayyace shi. Ranar Asabar ɗin ya zo da abokansa biyu. Kafin su iso na share ɗaki, na sayo tsire da lemo, na ari kujera wurin maigidan haya.

Na ɗora faifai, na miƙe tsaye kamar mai lacca.

"Ku lura da yadda yake jan numfashi," na ce, ido a lumshe. "Wannan ba kiɗa ba ne, kukan ɗan Adam ne. Ba kowa ke gane shi ba."

Suka kalli juna. Na ɗauka abin ya ratsa su, na ƙara da cewa mai busar ya fi kowa sanin kaɗaici.

Malam Yusufu ya tashi, ya leƙa cikin garmahon. "Malam Habu, tun yaushe kake jin sa a haka?"

"Wata guda."

Ya sa yatsa ya tura wani ɗan maɓalli daga sha shida zuwa talatin da uku. Ashe na gudun faifai ne. Ni ban ma san yana motsi ba.

Nan take bijimina ya koma zakara. Busa ta tsage da tsuwa, ganga kamar ana watsa kwanoni daga saman bene. Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙware da lemo. Ɗayan ya fita waje, amma ina jiyo dariyarsa har bakin titi. Malam Yusufu, Allah ya saka masa, ya daure ya ce, "Kusan haka yake, ai."

Ko minti goma ba su ƙara ba. Tsiren ma ba su taɓa ba.

Da suka tafi na saurari faifan yadda masu shi suka yi shi, daga farko har ƙarshe. Ban so shi ba ko kaɗan. Sai na rufe ƙofa, na mayar da maɓallin inda yake, na cinye tsiren mutum huɗu ni kaɗai.

Ranar Litinin har masinja yana ce mini Malam Sha-Shida, sunan da ya bi ni har na yi ritaya. Amma ta dalilinsa aka fara kirana cin abincin rana, don a sa ni in maimaita laccar.

Tun daga nan, kafin in ce wa mutane ba kowa ke gane abu ba, sai na fara dubawa ko ni ɗin na kunna shi daidai.