Ina Ɗaya Rabin Bindigata?

Zuwa ga mai girma, mai daraja, Manajan Kamfanin Aradu da 'Yan'uwansa, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ciniki yana tafiya. Ni ne manomin nan na fadamar Guri da ya hau jirgi daga Malam Madori ya zo kantinku da kukan ɓarnar tsuntsayen dinya, waɗanda suka ɗaura aniyar cinye shinkafar da gidana zai ci bana. Akawunku ya nuna mini bindigogi masu tsada, na gaishe su daga nesa. Sai ya ɗauko mai rahusa, ya ce rabin aikin ita take yi da kanta, rabi ni. Raina ya yi fari, don ko ƙanena Ɗahiru bai taɓa ɗauke mini rabin aiki ba.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, ba a faɗa mini wane rabin ne nata ba. Ni ke ɗaukarta, ni ke shiga ruwa har ƙugu, ni ke ja mata kunama. Ita kuma sai ta yi shiru tana nazari.

Na biyu, ran da ta ga dama ta yi nata rabin, ai ta yi shi da himma. Ina jingine ta a gindin giginya ta tashi, ta huda kwalekwalen maƙwabcina Ya'u. Dinya ko gezau. Ya'un nan da bindigar toka yake harbi, kuma na riga na yi masa dariya a bainar jama'a. Yanzu ta bayan gari nake zuwa masallaci.

Na uku, shin a Turai dinya suka yi karatu tare da ita? In na saɓo ta, sauka suke yi kusa, kamar sun ga 'yar'uwa. Abin da ya rage na shinkafar, matata Yelwa ce ke tsaronsa da gwangwani da tsakuwa, tana kaɗawa tana kallona.

Ba na zarginku, Allah ya kiyaye. Na gane rabin bindiga kuka sayar mini, shi ya sa ta yi araha. Ina roƙo a aiko mini da ɗaya rabin kafin shinkafa ta nuna. In ya ƙare a kanti, kai ma ka isa, ranka ya daɗe. Yelwa ta tanadar maka gwangwani.

Naka mai biyayya har gindin giginya,
Shu'ibu Baƙo, Guri.