Sifili Sifili Ɗaya

"Lafiya lau, kowa ƙalau. Amma kai Tsoho, irin wannan kiran gaggawa da ka yi min, na ɗauka wasiyya za ka bari, har da birona na taho."

"Wasiyyar me zan bar wa mutumin da takalminsa ma na aro ne? Sunkuya ka shigo, kada ka fasa min saman ƙofa da wannan kan naka."

Dogo ya sunkuya ya shiga. Ɗakin kakansa yana nan yadda ya san shi, tsaf kamar ana jiran mai duba tsafta. Ga tebur a gindin taga, ga tsohuwar kwamfutar da take nishi kafin ta tashi, ga tafireta a saman kabad an lulluɓe ta da ƙyalle. A kan faranti akwai fulas ɗin shayi da kofuna biyu, ɗaya na roba, ɗaya na tangaram mai zanen fure. Unguwa duka Akawu take kiran tsohon, saboda shekarun da ya kwashe yana buga takardu a ofis.

Dogo ya miƙa hannu zai ɗauki kofin tangaram, sai ya ji duka a bayan hannunsa.

"Ajiye! Ga naka can na roba, daidai da darajarka."

"Kofin matata ne fa. Ni ne mijinta na ƙarshe, kai tun tuni aka sallame ka, kunya ce kawai ta hana a gaya maka."

"Miji! Mijin da take goge wa majina da bakin zane?"

Haka suke tun Dogo yana rarrafe. Kakarsa, Allah ya jiƙanta, maigidana take ce masa, shi da Akawu kuwa suka zama abokan takara, kullum cikin faɗan wa ya fi wani. Bara ta rasu, amma takarar ba ta mutu ba, don Dogo ya lura duk ranar da ya daina tsokanar, ɗakin yakan yi shirun da ba ya so.

Shi ne ma ya koya wa tsohon harkar shafin intanet bayan ya yi ritaya. Akawu zai buga rubutunsa a manhajar ofis kamar yadda ya saba buga takarda, ya sa hotuna, ya ajiye shi a matsayin shafi, sannan ya jawo shi da jakar hotunansa ta cikin kwamfuta ya ɗora a intanet. A nan yake ba da labarin tumatirin da yake shukawa a bokiti, da tarihin zuriya, da ƙorafi kan matasan da ba su iya gaisuwa ba. 'Ya'ya da jikoki da ke warwatse a garuruwa sukan leƙa su yi dariya, su bugo masa waya.

"To, ga ni. Me ya lalace? Ko ka sake zuba wa kwamfutar shayi?"

"Ba abin da ya lalace. Shafin nan nake so ka rufe min."

"Rufe? Shafin da ya sa tumatirinka ya fi ka suna a duniya?"

"Na ce ka rufe shi. Ka share komai. Ban san inda ake danna wannan ba, shi ya sa na kira ka, ba don ina marmarin ganin haƙoranka ba."

Dogo ya dube shi da kyau. Tsohon yana gyara zaman biro a kan tebur, biron da yake zaune daidai tun farko. Dogo ya san kakansa, idan ka zo masa da tausayi kai tsaye sai ya rufe kamar ƙofar banki.

"Na gane. Rubutu ya gagare ka. Tsufa ya kama yatsu."

"Yatsun nan? Da su na buga takardar da aka ɗauki ubanka aiki, lokacin kai ko a mafarki ba ka zo ba."

"To ƙwaƙwalwa ce ta yi sanyi."

"Ƙwaƙwalwarka ce ta yi sanyi, ja'iri! Ni dai ba zan ci gaba da yi wa bango magana ba." Ya juya wajen kwamfutar. "Na sa hotonta a saman shafin. Wanda na ɗauke ta a bakin ƙofar nan tana harara ta, ba wanda ya taɓa ganinsa. Na ɗora, na zauna ina jiran waya. Uwarka ta bugo, ta tambaye ni ƙafata. Kawunka ya bugo, ya tambaye ni tumatir. Tumatir! Matar da ta haife su tana saman shafi, ba wanda ya ce uffan. Idan sun manta da ita, gara in kwashe kayana."

Tausayi ya kama Dogo sosai. Shi ma ya leƙa shafin kwanakin baya, kuma abin da ya gani a sama wani fili ne fari fat, an zagaye shi da layi, da 'yar alama a kusurwa. Mahaifiyarsa ma ta gani, har ta kira shi ta ce Baba ya sa hoton Inna ya kasa jurewa ya cire, ya bar gurbin, kada kowa ya tayar masa da maganar. Kowa ya kama bakinsa don a tausaya masa, ashe shirun ne yake cin tsohon.

"Tsoho, ashe kishinka har yanzu bai kwanta ba?"

"Kishin me?"

"Ka ɓoye min matata. Ka sa ta a shafi don a ce ka sa, sannan ka ja labule kada in gan ta."

"Kai, shaye-shaye ka fara? Ga ta nan!" Ya kama linzamin kwamfutar ya buɗe takardar a manhajar ofis. Ga tsohuwa kuwa ta cika allo, hannu a ƙugu, tana hararar mai ɗaukar hoto, bakinta na ƙoƙarin danne dariya. Dogo ya ciro wayarsa.

"Wannan a ɗakinka take. Zo ka ga abin da mutanen waje suke gani."

Ya buɗe shafin a wayarsa ya miƙa masa. Akawu ya sa tabarau, ya nesanta wayar, ya kusanto da ita, ya shafa farin gurbin da babban yatsa kamar zai goge ƙura.

"Wayarka ce ta araha. Ba ta iya ɗaukar mutanen kirki."

"Haka wayar uwata take nunawa, haka ta kawu. Duk sun ɗauka kai ka cire don zuciyarka ta kasa. Shi ya sa suke tambayarka tumatir."

Tsohon ya zauna a hankali. Ya sake duban wayar ya ce, "To ina ta tafi? Na ɗora ta da hannuna."

"Ka ɗora, ko ka ajiye? Na san ka, ajiya ce sana'arka. Kwalin ashana ma ba ka yarwa."

"Kada ka raina min hankali. Ajiyewa daban, ɗorawa daban. Na ajiye, na ɗora shafin, na ɗora jakar hotuna, kamar yadda wani dogon banza ya koya min."

"To matsa in gani."

"Kada ka shafa min maiƙo a madannai."

Dogo ya buɗe jakar hotunan. Ga su a jere da lambobin da manhajar take raɗa musu da kanta: sifili sifili biyu tumatir, sifili sifili uku tumatir, na huɗu Akawu da tumatir. Na ɗaya ne babu. A madadinsa akwai wani hoto mai dogon suna, kuma kafin Dogo ya gama karantawa, tafin hannun tsohon ya rufe allon.

"Ba wannan na kira ka ka duba ba."

"Tsoho, ina sifili sifili ɗaya?"

"Babu wani sifili sifili ɗaya a gidan nan."

"Suna ka canza mata?"

"Da me zan yi? In zuba ido na'ura ta mayar da ita lamba kamar motar haya? Matar da ta zauna da ni tun ina da baƙin gashi? Tumatir ya ɗauki lamba, ba ruwana. Ni ma a ba ni lamba, na saba, a ofis ma da lamba ake kiran fayil ɗina. Amma ita a'a. Duk sanda na gyara shafin na ajiye, sai shegiyar na'urar ta sake mayar da ita sifili sifili ɗaya, ni kuma in sake goge shi in sa mata suna. Mu ga wanda zai gaji."

Dogo ya so ya yi dariya, ya kuma so ya yi kuka, ya rasa wanda zai fara.

"To ai ga ɓarawon nan mun kama. Shafin da ka ɗora, da lamba ya san ta. Idan mutum ya buɗe, sai shafin ya leƙa jaka ya ƙwala kira, sifili sifili ɗaya! Ba mai amsawa, sai ya bar gurbi. Kai kuma ba ka taɓa leƙa shafin ta waje ba, kullum takardarka ta gida kake buɗewa."

"Da ma ba za ta amsa ba. Ko ni ban isa in kira ta da lamba ta waiwayo ba."

"Ɗage hannun in ga sunan."

"Ba zan ɗage ba."

"Ni ne mijinta, ina da haƙƙin sanin abin da ƙartin unguwa suke kiranta."

"Ƙarti? Ni ne ƙato?"

"To hannunka zai gaji, ni kuwa yau ba ni da aiki."

Suka yi ta kallon kallo. Can hannun tsohon ya gaji, ya sauke shi, ya juya fuskarsa wajen taga. Dogo ya karanta sunan da ke ƙarƙashin hoton: kin fi ni gaskiya.

Duk dangi sun san Akawu bai taɓa faɗa wa wani ɗan adam wannan magana ba. Shi da tsohuwa sun yi gardama a kan gishiri, a kan hanya, a kan ranar da aka haifi 'ya'yansu, kuma ko an kama shi dumu-dumu sai dai ya ce zancen ya wuce.

"Idan ka gaya wa uwarka," in ji tsohon, bai juyo ba, "sai na cire ka daga tarihin zuriya, in sa tumatir a gurbinka."

"Ni ban ga komai ba. Idona ba ya ganin rubutun tsofaffi." Ya share hanci. "Amma ga shawara. A rubuta shi a ƙarƙashin hoton, manya manya, kowa ya karanta."

"Ka ci gidanku! In tona wa kaina asiri a gaban duniya?"

"To ji wata. Ba sai ka goge lambar ba. Idan ka ajiye shafi, ka kwafi hoton ya zama biyu. Mai lamba ka bar wa na'ura, ita za ta fita unguwa ta gaisa da jama'a. Mai suna kuma ka kai ta wata jaka ta zauna a gida wurinka, ba mai ganinta sai kai."

Akawu ya juyo yana tauna maganar. "Wato lambar kamar mayafi ce."

"Kamar mayafi."

"To ba kai za ka yi ba. Tashi min daga kujera."

Da kansa ya yi, a hankali, harshe a gefen baki. Ya kwafa, ya mayar wa ɗaya lambarta yana tsaki, ya kai ɗayar sabuwar jaka, sannan ya ɗora. Dogo ya sabunta shafin a wayarsa, sai ga tsohuwa ta bayyana, hannu a ƙugu, tana hararar duk duniya. Ya tura wa mahaifiyarsa saƙo cewa ta leƙa shafin Baba. Ko shayi ba su kai ga zubawa ba ƙaramar wayar Akawu ta hau ruri.

Tsohon ya ɗauka. Daga inda Dogo yake yana jiyo kukan mahaifiyarsa, tana cewa Baba ina ka samo wannan, wallahi haka take yi mana idan mun makara. Akawu yana ta cewa to ya isa, to ya isa, ke da girmanki, amma ya cire tabarau ya ɗora a cinya, kuma bai bar ta ta ajiye wayar da wuri ba.

Da ya gama, Dogo ya miƙe ƙafafu ya harɗe hannu.

"Yanzu in rufe shafin?"

"Taɓa shi ka gani."

"To saura abu ɗaya. Ka ce wayata ta araha ce, ka ce shaye-shaye nake. Kalmomi huɗu kawai nake so, ka ma iya rubuta su. Ka ce, ka fi ni..."

"Wannan maganar guda ɗaya gare ni, kuma na riga na ba mai ita." Akawu ya kwashe da dariya, idonsa jawur. Ya jawo fulas, ya tsallake kofin roba, ya cika na tangaram mai zanen fure, ya tura gaban jikansa. "Ungo, mijin ƙarshe. Riƙe da hannu biyu, idan ka fasa mata shi ni da kai ne."