Kwamfutar Injiniya Abdulmutalib Wadda Ba Ta Kuka

Goronyo gari ne mai rabo. Ga ruwan dam, ga albasa, ga kasuwar da ake zo mata tun daga Rara har Giyawa, ga kuma Injiniya Abdulmutalib, wanda in an karanta mashi wannan jeri zai ce daga ƙasa anka faro shi.

Dillalin albasa ne, ɗan dillalin albasa. Injiniyancin ya same shi ne wata bazara da ya tafi Sakkwato koyon kwamfuta, ya dawo tun malamin bai gama riƙe sunayen ɗalibai ba. Cewa ya yi ya riga ya gane abin, sauran zaman na masu nauyin kai ne. Ya dawo da farin tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da birori jere a aljihun gaba awa sojoji. Tun daga ranar, in ka ce mashi Abdulmutalib kawai, sai ya waiga ya ga wa kake kira.

Ana nan sai wakilin 'yan albasa ya tsufa ya aje aiki. Wakili shi ka zuwa taro Sakkwato da yawun dillalai, shi ka zama kujerar gaba, shi ake miƙa wa lasifika. Dattawan kasuwa sunka ce za su zauna su fidda wani. Suna biyu anka ambata: Injiniya, da maƙwabcinshi Sa'adu, mutumin da in ya ce maka "to" da safe ya gama hirar yini. Injiniya ya ji an haɗa sunanshi da na Sa'adu, ya kwana biyu tuwo bai yi mashi daɗi ba. Ya ƙudura zai nuna ma dattawa abin da zai rufe maganar.

Sai ya aika Legas anka kawo mashi madabod, wato faifan nan da ake dasa ƙwaƙwalwar kwamfuta da sauran kayan cikinta a kai. Amma ba irin manyan ba. Wannan ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba. Ba shi da fanka, sai wani ƙarfe mai haƙora awa matsefi da ke shanye zafi. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan ɗaki ba, ɗan batirin sola ya ishe shi yini. Gaskiya abu ne mai kyau, kuma a faɗi alheri, Injiniya ya haɗa shi daidai, cikin wani ɗan akwati kamar burodin masu shayi, ya jona mashi allo irin na talabijin.

Ran kasuwa ya hau buhun albasa, ya gyara tabarau.

"Jama'a, duniya ta ci gaba ta bar ku! Yanzu wayewa shiru ta. Injin da ka kuka injin jahilai na. Ni kwamfutata ko sauro ya hi ta magana. Ku taho ku gani, in kuna da idon gani."

Anka ko taho. Zauren gidanshi ya cika, har da masu leƙe ta taga. Injiniya ya danna wani ɗan maɓalli, ya koma baya ya harɗe hannu. Jama'a sunka yi tsit suna jira ta tashi.

To mu nan, abin da ke aiki kuka yake. Injin niƙa in ya yi shiru an san bel ya tsinke. Injin ban ruwa in ya yi shiru a fadama, mai shi gudu yake ya duba. Babur ma sai ya yi tari kake yarda zai kai ka Wurno. Saboda haka wani manomin rani, Mainasara, ya durƙusa ya manna kunne jikin ɗan akwatin. Ya daɗe. Ya sauya kunne.

"Injiniya, wagga barci taka yi ko ta riga mu gidan gaskiya?"

"Aiki taka yi! Ba ka ga rubutu bisa allo ba?"

"Wanga ai talabijin na. Ina kwamfutar?"

Kafin la'asar labari ya gama gari cewa mutanen Legas sun aiko ma Injiniya gwangwani. Mata sunka riƙa shiga wurin maiɗakinshi Atika suna cewa Allah shi maida alheri. Wani ma ya tsare shi bakin masallaci ya riƙe mashi hannu, ya ce haƙuri, kowa da irin jarrabawarshi.

Babban mutum ba ya karaya. Injiniya ya zauna ya yi nazari, ya gano laifin na mutanen gari ne, amma tunda su ne masu zaɓe, dole ilimi ya sauko ya same su inda suke. Ya juye kayan Atika daga babban akwatinta na ƙarfe, ya saka ɗan burodin a ciki, can wani lungu. Ya sa maƙeri ya huda gefe ya ɗaura mashi fankar tsohuwar tirela. Ya jera fitilun babur ja da kore a murfin. Sannan ya aro janareton masu walda, wanda salansarshi mai rage ƙara ta faɗi tun zamanin da ba a tunawa. Duk wannan ba abin da ya haɗa shi da kwamfutar. Ita tana can cikin duhu tana tsotsar ɗan batirinta, ba ta san an yi mata sarauta ba.

Sai ya bi dattawa gida gida, ya roƙi a yi zaman shawara a zaurenshi. Ya sa anka dama fura da nono mai kauri, anka shimfiɗa sabbin tabarmi.

Ranar zama, bayan azahar, dattawa sunka iso. Gabansu Baba Maccido, wanda shi ka yanke magana a kasuwar albasa, kuma muryarshi ba ta wuce gemunshi. In zai yi magana kowa sai ya miƙo wuya. Sunka zauna, ba su ko kai ga buɗe ƙwaryar fura ba, Injiniya ya ce a dakata, sai an ga abin mamaki tukuna. Ya fita ya fizgi igiyar janareto.

Jakunan da ke ɗaure bakin hanya sunka tsinke. Tantabarun unguwa sunka tashi ba su yi sallama ba. A cikin zaure fankar tirela ta kama aiki, ta kwashe hular Baba Maccido ta kai ta bakin ƙofa, ta tattaro ɓawon albasar da ke lungu ta raba ma baƙi daidai wa daida, rabi a gemu, rabi a faifan fura. Fitilu ja da kore sunka shiga ƙyafta ido. Injiniya ya tsaya tsakiya, fuska cike da annuri, ya fara jawabi. Jijiyar wuyanshi ta miƙe. Jefi jefi kalma kan ɓullo ta saman ƙarar: "...zamani!... Sakkwato!... ni kaɗai!..."

Baba Maccido ya motsa baki. Dattawa sunka miƙo wuya, ba wanda ya ji. Ya sake motsawa. Sai ya ɗauki sandarshi, ya tsinci hularshi a hanya, ya fita. Sauran sunka bi shi a jere, kowa na kaɗe riga.

Tsallaken hanya zauren Sa'adu ne, mai kaurin katanga. Sa'adu ya gansu tsaye cikin rana, ya shimfiɗa tabarma, ya ce "Bismilla." Ya shiga gida ya kawo ruwan randa da 'yar furar da ya aje ma kanshi. Sunka sha. Su kuwa dattawan albasa suna da wata al'ada tun ta iyaye: ba su zama tabarmar mutum su sha furarshi, sannan su yanke magana a kanshi ya tashi hannu wofi. Abin kunya ne. Don haka ma Injiniya ya dage a zauna gidanshi, sai dai ya manta ya bari a sha.

Shi ko yana can, ya ga sun fita, ya ce lalle abin ya girgiza su, sun koma gefe su tsara yadda za su roƙe shi. Don kada su manta da girman abin da sunka gani, ya ƙara ma janareto wuta. Ya ci gaba da jawabi ga tabarmi, yana maimaita wuraren da yake ganin za a so a sake ji.

Mai ya ƙare. Janareto ya yi tari, ya shiɗe. Fanka ta juya a hankali ta tsaya. Cikin wannan shirun, mai kyau, irin wanda ya yi ma jama'a wa'azinshi a kasuwa, Injiniya ya jiyo "amin, amin" daga tsallaken hanya, da muryar Mainasara tana cewa Allah shi taya Sa'adu riƙo.

Can Baba Maccido ya dawo ɗaukar takalminshi da ya bari. Injiniya ya miƙo wuya, karo na farko a rayuwarshi.

"Ɗana, ba mu manta da kai ba. Mun ga baiwar da Allah ya yi maka. Mutumin da muryarshi ka kayar da injin walda bai kamata shi zauna banza ba. Mun ba ka aikin shela."

Injiniya ya auna. Kafin magariba ya gano ashe muƙamin ya fi na wakili, don wakili Sakkwato kawai ake jin shi. Ya aika a buga mashi kati mai ruwan zinari: Injiniya Abdulmutalib, Babban Daraktan Yaɗa Labarai.

Ran kasuwa ya sa babbar riga, ya gyara tabarau, ya karɓi aikinshi na farko. Tun daga layin hatsi har turken shanu ya bi, rana na dukan shi, yana sanar da jama'a cewa Malam Sa'adu ne sabon wakilin 'yan albasa. Mutanen Giyawa sunka ce ba su ji da kyau ba, ya maimaita.