Yadda Za Ka Yi wa Nakasassu Kasafi Ba Tare da Sun Ga Ko Sisi Ba

Kai da aka ɗora kan kujerar tsara kasafin kuɗi, matso kusa. Shekara goma sha tara na yi ina ɗaukar fayil a bayan wani Darakta, gwanin gwanaye a wannan fanni. Bi sawunsa, na ba ka tabbaci shekara za ta ƙare ana tafa maka, alhali ko tayar keke ba ka saya wa gurgu ba.

1. Fara da gyara musu suna

Kada bakinka ya ƙara furta "gurgu" ko "makaho". Ka ce "'yan uwanmu masu buƙata ta musamman", kana dafa ƙirji. Suna kyauta ne, keke kuwa da kuɗi ake sayensa. Sai ka kai kasonsu shafin ƙarshe, bayan labule, bayan fentin katanga, bayan shayin baƙi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Kai aikinka samar da dutsen.

2. Zauna a sama

Ofishin Darakta a hawa na uku yake, lif kuwa ta daɗe da rasuwa. Wata rana shugabar ƙungiyarsu ta zo, wata tela da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana goye. Kekuna arba'in take nema, don damina ta kusa, mutanenta kuma da rarrafe suke zuwa kasuwa cikin taɓo. Ta bar kekenta a ƙasa, ta zura silifa a hannuwa, ta hau matakala sittin da biyu.

Lura da ƙwarewa. Darakta ya miƙe zumbur.

"Haba Yaya! Da kin aiko ai da na sauko."

"Sau huɗu na aiko, ranka ya daɗe."

"To ga shi Allah ya haɗa mu. Kai, a kawo mata lemo mai sanyi!"

Ta sauka da lemo a ciki da alkawari a kunne. Ka ga an kashe magana da kwalba ɗaya.

3. Mayar da keke bita

Kuɗin keke arba'in daidai yake da bitar kwana uku a otal, mai taken "Muhimmancin Keke ga Marar Ƙafa". Gayyato masu ƙafa, su suka fi saurin zuwa karɓar alawus. Tafintan kurame kuwa, kada ka je nesa. Darakta ƙanin matarsa ya ɗauko, wanda bai taɓa zama da kurma ba. Ya tsaya gaban taro yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Kurame biyun da aka kawo saboda hoto suka yi ta dariya har da hawaye. A rahoto muka rubuta: "Mahalarta sun nuna matuƙar farin ciki."

4. Kada takardar ta fita daga ofis

Nan ne gwani ya yi tuntuɓe, ka kiyaye. Doka ta ce a liƙa kasafi a allon sanarwa kafin zaman jin ra'ayin jama'a. Darakta ya liƙa, yana cewa wa zai karanta shafi sittin da uku? Telar ta ɗauke shi kaf a waya, ta kai wa wani malamin makaranta, makaho, da ake wa laƙabi da Rikoda saboda ba ya manta abin da ya ji. Matarsa ta karanta masa sau biyu.

Ranar zama, gaban 'yan majalisa da 'yan jarida, Rikoda ya dogara sanda ya miƙe.

"Shafi na tara, labulen ofisoshi, miliyan goma sha takwas. Shafi na sittin da uku, mu gaba ɗayanmu, makafi da kurame da guragu, miliyan biyu." Ya juya inda ya ji tarin Darakta. "Ranka ya daɗe, ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin labule ba. A taimaka a kwatanta min. Wane irin abu ne wannan da ya ninka mu sau tara?"

Ni da nake riƙe da fayil sai da na nemi inda zan sa kaina.

5. In ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ɗora wa na'ura

Darakta ya share gumi ya ce kuskuren bugu ne.

"Madalla," in ji telar. "A gyara yanzu, muna jira. Ka san tafiya wuya take mana."

Suka fita suka jeru a bakin ƙofar ma'aikata, mai keke da mai sanda da mai rarrafe. Ba zagi, ba jifa. Mota dai ba ta fita. Kafin la'asar 'yan majalisa sun fara jin yunwa, aka sa hannu a kan gyaran. Bayan wata biyu kekuna suka iso, talatin da ɗaya. Kada ka tambaye ni sauran taran.

6. In ka rasa kuɗin, kada ka rasa yabon

Darakta da kansa ya yanka zare ranar rabo, ya rungumi Rikoda gaban kyamara har sau uku, don na farko bai fito da kyau ba. A ƙarshen shekara aka ba shi lambar girma ta Garkuwar Nakasassu. Tana nan rataye a falonsa.

Hattara

Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka da Mahaliccinka. Ban aike ka ba, ban san ka ba, in aka kira ni shaida zan ce tsufa ya taɓa min tunani. Kuma kada ka neme ni a tsohon ofis. Tun da na yi ritaya yanar ido ta rufe min na dama, na hagun ma ya fara hazo. Makon jiya telar ta cike min fom ɗin ƙungiya, ta ce: "Baba, kai da ka san inda suke ɓoye kaya, a sahun gaba za ka zauna."

Kasafinka na bana da kunne zan karanta shi.